Katin Baƙon Legas

An loda injin niƙa na huɗu a bayan motar wani baƙo da ya zo sayayya, Alhaji Maigandi kuwa sai juya katin baƙon yake yi a hannunsa. Tun da ya buɗe shago a Kontagora, ba a taɓa biyan sa da katin roba ba.

"Kwantar da hankalinka, Alhaji," in ji baƙon mai kwat. "Haka ake ciniki a Legas yanzu. Banki na amincewa, gobe kuɗinka sun shiga asusu."

Baƙon ya jawo tarhon shagon, ya juya lambobi, ya karanto lambar katin da Turanci. Ya kasa kunne yana saurare. Sai ya ɗaure fuska, ya daka wa na bankin tsawa. Maigandi ya matso kusa, yana tsoron kada cinikin ya ɓaci.

Can baƙon ya yi murmushi. "Sun amince."

Maigandi ya yi hamdala, har da rakiya zuwa bakin titi.

Motar na shan kwana, sai ga maƙwabcinsa, Muhyiddin tela.

"Alhaji, barka da dawowa daga Zugurma. Ka ji abin da ya same mu? Tun shekaranjiya tirela ta tsinke wayar tarhon layin nan kaf."