Farin Dutsen da Na Ɗauko Daga Libiya

Ni Jatau, ranar da teku ta haɗiye tsoffin biranen Rumawa na gaɓar Libiya ina can ina leburanci. Mu goma sha ɗaya muka gudu, ni kaɗai na iso Damagaram, da farin dutse mai rubutu a buhuna. Shekara arba'in ina gaya wa 'yan majalisarmu cewa daga fadar sarkin Rumawa na ciro shi. Ban yi boko ba, amma wa ya isa ya musa mini?

Bana aka kafa doka, duk abin da ya tsira daga biranen nan sai an saurare shi. Jikata Uwani ce ke yawo gida-gida da na'urar hukuma mai karanta tsohon rubutu a ji da kunne. Na tara abokaina don su ji sarki da kunnensu.

"Angona, in ƙarya ce yau sai ka ba ni takardata," in ji ta.

"Ɗora, yarinya."

Ta ɗora na'urar a kan dutsen. Muryar mace ta fito a hankali, da Hausa: "'Yata ce kwance a nan, shekararta shida. Kai mai wucewa, kada ka taka ta."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Uwani ta ɗauko takardar hukuma, ba ta dube ni ba. "Kaka, sun ce a rubuta abin da ake yi da shi."

Ta sani sarai. Abokaina ma sun sani.

"Rubuta," na ce. "A kansa nake wanke ƙafa in zan yi alwala."