Ƙarar Uwar Tsiwa

"Mijina ne ya ƙona ni da dutsen guga," ta ce, ta janye hannun rigarta.

Ɗan sandan ya dubi ƙunar, ya dubi fuskarta, sai ya tuntsire da dariya.

"Kai, ku fito! Ga Uwar Tsiwa ta talabijin, mai lambar yabo uku! Wallahi ranar da mijinki na cikin shirin ya kulle ki a banɗaki, matata har faɗowa ta yi daga kujera. Ina kuka ɓoye kyamarar?"

"Yallaɓai, ba wasa nake yi ba."

"Haka kike cewa a shirin ma!"

Suka yi layi suna ɗaukar hoto da ita. Babu wanda ya rubuta ƙararta.

Da ta koma gida, ta tarar da mijinta a tebur da biro a hannu. Shekara tara ke nan shi ke rubuta shirin.

Bai ko ɗago ba. "Sun yi dariya?"

Ta gyaɗa kai.

"Madalla. To, dutsen guga ya shiga shirin mako mai zuwa. Zauna ki faɗa min abin da suka ce, kada ki tsallake komai."