Faifan Ait Tamghit

Kyaftin Mbarek ya ɗaga takalminsa daga cikin laka, ya dubi ramukan da aka tottone a gefen gonar, ya ja tsaki.

"Nan ya sauka ke nan?"

"Nan fa, Sidi Kyaftin," in ji dattijo Bassu, mai garin Ait Tamghit, da Larabci. "Kamar faifan kuskus yake, sai dai ya fi masallacinmu faɗi."

Kyaftin ɗan birnin Fas ne, mai turare da gashin baki a gyare. Yaren mutanen dutse kuwa ko gaisuwa bai iya ba, a cewarsa ba yare ba ne, tari ne. Kanar ya turo shi da magana ɗaya: ya kawo hoton abin nan mai saukowa daga sama da ƙauyawa suke damun barikin soja da ƙorafinsa, ya samu kujera a Rabat. In ya dawo hannu sake, iyakar sahara tana jiransa.

Ya tara shaidu. Wata tsohuwa, Lalla Itto, ta ce abin kore ne. Maƙeri ya rantse ja ne. Limami ya ce shi dai ya ji gurnani.

"Jahilan banza," Kyaftin ya ce wa direbansa. "Ko launi ba su iya gani ba."

Amma duk shirmensu, abu biyu ba su saɓa a kai ba. Abin ta gefen kurmi yake ɓullowa, kuma sai masara ta yi goyo.

"Me ya hana ku harbe shi?" Kyaftin ya tambayi Bassu yana dariya.

"Da me, ɗana? Ma'aikatan gandun daji sun kwashe mana bindigogi tun bara waccan."

Aka kafa tantuna a bakin gonaki. Aka jera manyan fitilu, aka tada janareta. Lalla Itto ta zo da gurasa da man zaitun, ta saurari ƙarar injin, ta ce, "Ba ya fin haka ƙara ne?" Sojoji suka bushe da dariya, suka ƙara mata wani injin.

Mako ya bi mako. Kyaftin ya ɗauki hoton tauraro, ya ɗauki na mujiya, ya ɗauki na wani kurtu da ya zagaya bayan dutse. Duk ranar da ya ce a naɗe kaya, sai a samu wanda ya ga abin jiya-jiyan nan. Ya sha shayin na'ana'a har wandonsa ya matse. Masara ta nuna, aka karye ta, aka shanya a kan soraye, garin ya yi jawur.

Ran nan yana zaune yana tunanin rairayin sahara, sai ga wani mutum a kan alfadari daga ƙauyen saman dutse, inda sanyi ke sa amfanin gona jinkiri. Yana haki ya ce faifan ya koma wajensu.

Kyaftin ya miƙe zumbur. "Ku loda fitilu! Wannan karon ba zai tsere mini ba."

Yana wucewa ya ji Bassu yana yi wa baƙon wannan yaren nasu da ya kira tari, ya toshe hanci ya shige mota.

Abin da Bassu ya ce shi ne, "Ka sa su haska bakin kurmi, ta nan aladun daji suke fitowa. Mu dai bana ko masara ɗaya ba su ci mana ba."