Gaurakin da Ba Wanda Ya Gani

Tunda ka ce duk wanda ya nuna maka kuskurenka baƙin ciki yake yi da kai, gyara zama in ba ka labarin wani mutum, sai ka auna da kanka.

An yi wani mai gyaran injin ban-ruwa, kullum yana fadama, ƙafa cikin taɓo, hannu cikin baƙin mai. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi ya koya masa kallon tsuntsaye, shi kuma ya nuna masa wani lungu bayan dogayen ciyayi inda gauraki biyu, mace da namiji, ke sauka duk damina. A da garke-garke ake ganinsu, amma masu kamawa su sayar sun ƙarar da su, sai waɗannan biyun suka rage. Da ciwon ƙafa ya zaunar da dattijon, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa birni, ya bar wa mai gyaran inji amanar wurin. Shi kuwa bai yi wasa ba. Damina guda ya yi yana laɓe a cikin ciyawa da wayarsa, sauro na cizo, matsattsaku na shan jini, har ya ɗauki abin da ba kowa ke dacewa da shi ba. Ya ɗauki rawarsu, fukafukai a buɗe, tukkun nan mai ruwan zinariya yana kaɗawa. Ya ɗauki ƙwai a sheƙa, ya kuma ɗauki ranar da 'ya'yan suka fara bin uwa cikin ruwa.

Ya ɗora hotunan a wani zauren masu son tsuntsaye a intanet, nan da nan yabo ya fara zuba. Wannan ya rubuta masha Allah, wancan ya ce Allah ya ƙara basira. Kan mutumin naka ya kumbura, har tafiyarsa ta canza. Ana cikin haka sai ga saƙon murya daga dattijon: "Ɗana, ni fa ba na ganin komai. Farin akwati ne kawai, da wani abu yana ta juyawa a tsakiya. Ka sake dubawa. In ba damuwa ka turo mini su kai tsaye, in gani, in kuma ajiye maka." Mai gyaran inji ya buɗe zauren a wayarsa, ga gauraki nan tar. Sai zuciya ta fara yi masa huɗuba. Mutum ɗari sun yaba, tsoho ɗaya ne zai ce babu? Ai shekara talatin ya yi a daji bai ɗauki ko ɗaya irin wannan ba, so yake a tura masa ya ce nasa ne. Ya mayar da amsa a taƙaice: "Baba, wayarka ce ta tsufa." Dattijon ya sake magana, ya ce ya gwada a wayar 'yarsa, duk ɗaya ne. Ya sake ta uku. Da ya ji shiru, shi ma ya ja bakinsa. Abin da ya fi ba ni takaici, wayar matar mai gyaran injin nan tana cikin gidan, ɗaki ɗaya suke kwana, amma girman kai bai bar shi ya ce ara mini in duba ba.

Wata rana ya sunkuya zai jawo tiyo daga kogi, wayar ta sulale daga aljihun gaba, tsundum, ruwa ya tafi da ita. Bai wani damu ba, ya ce ai hotuna suna can a ajiye. Ya sayi wata, ya buɗe zauren, sai ga fararen akwatuna a jere, kowanne da abin nan yana juyawa. Ya garzaya da ita wajen gyara. Mai gyaran waya a kasuwa ya duba ya ce masa hotunan sun yi wa sabis ɗin fadama nauyi, ba su taɓa gama hawa ba, tsohuwar wayar abin da ke cikinta kawai take nuna masa. Mai gyaran inji ya bi masu yabon ɗaya bayan ɗaya yana tambaya me suka gani. Wani ya ce ya zaci sabis ɗinsa ne ba kyau. Wani ya ce ya ga kowa na yabo, ya ji kunya a ce shi kaɗai ne bai gani ba. Ko mutum ɗaya bai ga gashin gauraka ba.

Ya ce to, Allah ya kai mu damina. Damina ta zo, ya tarar an nome lungun an shuka shinkafa. Ya yi ta sintiri har kaka, gauraki ba su sauka ba, kuma ba su sake sauka ba. Daga ƙarshe ya shiga mota ya je birni, ya durƙusa gaban dattijon, ya kwashe duk abin da ya faru ya faɗa masa. Dattijon bai yi masa gori ba, cewa kawai ya yi ya faɗa masa yadda rawar ta kasance. Mutumin ya buɗe hannuwa yana kwatantawa, tsohon ya rufe ido yana saurare. Da ya gama, dattijon ya ce, "Da dai na gani da idona."

Har gobe in ya tuna maganar nan abinci ba ya yi masa daɗi. Wanda ya zarga da son ƙwace masa kaya, shi kaɗai ne ya so kayan su tsira. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.