Gwangwani Marar Murfi

Da hantsi aka shigo da yarinyar, kanta na reto a kafaɗar mai rainonta, ƙafa ɗaya babu takalmi. Ba za ta wuce shekara uku ba. Gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, jikinta kuwa sanyi ƙalau.

Sista Ba-Wasa ce ta karɓe ta. Shekararta ashirin da biyu a ɗakin gaggawa, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Ta ga kananzir a gorar ruwa, ta ga maganin ɓera a ƙarƙashin gado, har ta yanke cewa bayan duk yaron da aka kawo akwai wani babba da ya cancanci wankin babban bargo. Ba ta taɓa barin ɗaya ya tafi bai karɓi rabonsa ba.

"Me ta sha?"

Mai rainon ta miƙo wani ɗan gwangwanin alewa marar murfi, ƙwayoyi farare biyu na gara a ciki. Ba takarda, ba suna. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ga sabuwar likita ta ɗaga labule. Nan take bakin ya mutu, ta durƙushe a bakin ƙofa. Sista ta saba ganin farar riga tana kashe wa mutane gwiwa, don haka ba ta bi ta kanta ba.

Kwanan likitar uku kacal a asibitin, ba wanda ya san inda gidanta yake. Ta tsaya turus kamar an dasa ta, hannun hagu cikin aljihu. Sau ɗaya ta leƙa gwangwanin.

"Maganin ciwon suga ne, uku ta sha. Kawo ruwan suga na allura. Nauyinta kilo goma sha uku da rabi."

Ran Sista ya ɓaci. A ɗakin nan akwai ƙa'ida: a gano abin da aka sha, a ɗora yaro a ma'auni, sannan a taɓa allura. Fararen ƙwayoyi sun fi dubu a duniya, kuma kuskuren awo a jikin ƙaramin yaro ba ya gyaruwa. Ga wata 'yar jiya-jiya tana duba da ido kamar mai bugun ƙasa.

Sista ta soki yatsar yarinyar ta ɗiga jini a na'urar awon suga. Lamba ta fito. Sugan ya yi ƙasa ƙwarai, irin ƙasan da idan aka ƙara 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ke tafiya, ko da an ceto rai. Ma'aunin gado kuma ya nuna sha uku da rabi cif.

Sai jijiya ta ƙi samuwa. Sista ta ɗaure hannun dama, ta bubbuga, ta soka, babu jini. Ta koma hagu, nan ma haka. Leɓen yarinyar ya fara rawa, yatsunta suka ƙanƙame, idanunta suka kafe sama. Tsoro ya kama Sista, ita kuwa idan tsoro ya kama ta bakinta ne ke ɓallewa.

"Wai ina uwar yarinyar nan? A ce mutum da hankalinsa ya zuba magani a gwangwanin alewa, ya bar shi buɗe! Wallahi yau sai ta san ta haɗu da ni."

"Bar hannun," in ji likitar. "Duba idon sawun hagu, ta ciki. A nan take fitowa."

A nan ɗin kuwa ta fito. Jini ya leƙo, Sista ta manne allurar. Likitar ta karɓi sirinji, amma ta kasa haɗa bakinsa da robar allurar. Sista ta fizge, tana ce wa ranta ga masu karatu nan, ilimi fal ciki, zuciya kamar ta kaza. Ta shiga tura ruwan a hankali tana ƙirga numfashi.

Minti ɗaya ya wuce, ba motsi. Na biyu ya shiga. Likitar ta riƙe ƙafar nan marar takalmi tana murzawa, ta ƙi yarda ta dubi fuskar.

Can sai yatsun suka saki. Yarinyar ta ja dogon numfashi, ta yamutsa fuska, ta callara kuka. Duk tsawon aikinta Sista ba ta taɓa jin daɗin kukan yaro kamar wannan ba. Ta rataya ƙarin ruwa, don irin wannan magani kan sake kayar da suga, sai an kwana ana tsaro.

Da hankalinta ya dawo, fushin ma ya dawo. Ta ɗauki gwangwanin ta nufi mai rainon.

"Tashi ki kira min uwarta. Yanzun nan!"

Mai rainon ba ta motsa ba. Likitar ce ta zaro hannu daga aljihu, riƙe da ɗan jan murfin da ta jefa ciki da safe tana saurin fita, ta ɗora shi a bakin gwangwanin, ya zauna daram.

"Ga ni, Sista," ta ce. "Faɗi duk abin da za ki faɗa."