Kamu Biyar na Ƙofar Gareji

Tanimu, tunda ka ce ginin naka ta waya za ka yi shi, kana birni magini na gida, to gyara zama ka ji wannan. An yi wani mai sayar da yadi, dogo ne sambal, irin wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure. Tun tasowarsa ba ya awo da komai sai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma masu saye na rububin rumfarsa saboda kamunsa akwai auki. Da Allah ya buɗa masa ya sayi mota, ya kuma sa aka ɗora masa bene a garinsu, gareji a ƙasa, ɗakinsa a sama. Ranar da magini ya bugo yana tambayar faɗin ƙofar garejin, sai ya fita ya auna motar da hannunsa, daga madubi zuwa madubi, ya samu kamu huɗu. Ya ƙara ɗaya don sarari, ya ce a yi kamu biyar. 'Yan'uwa suka yi ta aiko masa ya leƙo ya ga aiki kafin a zuba ginshiƙai. Ina! Salla ta gabato, kasuwa na ci, ya ce ai magana ta ƙare, biyar biyar ce ko a ina.

Shi kuwa magini guntu ne duƙus, hannunsa bai fi muciyar ɗan ƙaramin gida ba. Bawan Allah bai yi ha'inci ba ko na ƙwayar gero. Ya kafa gwiwar hannu a ƙasa ya ƙirga biyar cif, ya zuba ginshiƙi dama da hagu, ya ɗora bene a kansu, mai walda ya zo ya ƙera ƙofa daidai ramin. Ranar tarewa mai gida ya iso cikin motarsa, mutanen unguwa sun yi cincirindo ana ta barka. Hancin mota ya shiga, madubai suka ce ba da su ba. Aka naɗe su aka sake gwadawa, sai ji aka yi ƙiii, ginshiƙi ya kwashe fentin gefe tun daga fitila har ƙofar baya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce a fasa a faɗaɗa. Aka nuna masa cewa ginshiƙan nan su ke ɗauke da ɗakinsa, in aka taɓa ɗaya bene ya sauko. Magana ta kai gaban mai unguwa, kowa na rantsuwa kamu biyar ne. Dattijon ya sa su jera hannuwansu a kan tabarma, gwiwa da gwiwa. Yatsun magini a tsintsiyar hannun mai gida suka tsaya. Nan shari'a ta mutu, don ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Har yau motar a waje take kwana, rana ta koɗar da ita, awaki na hawa suna sauka. Garejin kuma buhunan gero ne a ciki da wani tsohon babur, shi kam yana shiga a sake. To ka ji, Tanimu. Nemi mota ka je ka ga gininka da idonka, don ba banza Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike ba.