Kafofi Bakwai na Hubbaren Bayan Ganuwa

Ɗan'uwa, ko na dafa maka Alƙur'ani ba za ka yarda ba, amma ni nan da na gudu daga aji huɗu na taɓa juya gari guda da harshena. A bayan ganuwarmu akwai wani tsohon hubbare na tubali, kaurin bangonsa kamu uku, tulluwarsa na zaune kan ginin baka da magina ke kira bakan gizo, wanda aka ɗaure da azara, an shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa yana ƙyalli. A gindin tulluwar magabata sun bar kafofi bakwai. Gidan wani tsohon magini ke yaɓe shi duk shekara tun kaka da kakanni. Da tsohon ya tafi aiki wani gari, sai na zauna a majalisa na ce waliyyin da ke ciki ya zo mini a mafarki, da gemu har cibiya, yana rawar ɗari, wai iska na shigar masa ta kafofin nan. Don a yi dariya fa na faɗa. Sai ga dattawa masu furfura, har da masu karatu, sun kwaɓa siminti sun toshe su tsaf, ana kawo mini fura ana cewa in sa albarka. Ba wanda ya ce a jira mai sana'ar.

Ashe ta nan ruwan sama ke fita. Damina ta sauka, ruwa ya kwanta a ka, azara ta jiƙe, rabin tulluwar da ta ga sarakuna goma sha ya rufta. Tsohon ya dawo, ya kai ni gaban mai unguwa, ya sa na sake zana masu labarin gemun nan. Sannan ya kai mu hubbaren, ya kankare saman ƙofa ya nuna rubutun ajami. Mace ce kwance a ciki, wata malama da ta karantar da garin. Duk cikin dattawan nan babu wanda ya sani, amma suke zuwa neman tubarraki! Masu simintin suna inuwa suna taunar goro, ni kaɗai aka yanke wa taka ƙasar gini har tulluwa ta tashi. Wata na uku ke nan, dubi faso a ƙafata. Gaskiyar Hausawa da suka ce baki shi ke yanka wuya.